Hodar da Ta Bi ta Injin Obadiah

Akwai laifin da wasu 'yan kasuwa ba su ɗauke shi laifi ba, shi ne ka sayar wa mutum abin da kai ba za ka yarda ya taɓa jikinka ba. Mai yin haka yakan ce ai bai tilasta wa kowa ba, da ƙafarsa mai saye ya zo. Wannan shi ne laifin Faustina, mai teburin kayan kwalliya a kasuwar Kafanchan, kuma wata Asabar ta watan Afrilu ya cim mata a gaban jama'a, tana cikin ashobi, wato ankon biki.

"Ɗaga haɓarki. Kada ki yi dariya," in ji Faustina.

Tamar, amaryar, ta ɗaga haɓa. Tana zaune a kan kujerar roba a ɗakin uwarta, an yafa mata tawul a kan farar rigar aure. Ƙarfe takwas ne na safe, amma kwanon rufin ya riga ya ɗauki zafi. A tsakar gida mata na ta fama da manyan tukwane, hayaƙi yana shigowa ta taga.

Faustina ta buɗe gwangwanin hoda mai ruwan zinariya, mai madubi a murfi, ta dangwala soso, ta karkaɗe shi a gefen hannu.

"Mai irin fuskarki ba a goga mata hoda, dannawa ake yi," ta ce. "Goshi, hanci, haɓa, nan mai yake tsatsafowa. Kumatunki busassu ne, kaɗan ya ishe su. In kin ji maiƙo ya taso a coci, kada ki ƙara hoda a kai. Ki sa tishu ki danne tukuna, in ba haka ba ta zama kunu."

A ba ta haƙƙinta, matar ta san aikinta. A layin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ta, ubanta ya yi aikin reluwe har ya mutu, uwarta kuma ta yi shekara talatin tana sayar da man shafawa da hoda a wannan teburin da ta gada. Faustina takan dubi mace sau ɗaya ta gaya mata kalar da za ta hau ta. Ita ce ke koya wa 'yan mata cewa ba a bayan hannu ake gwada hoda ba, a muƙamuƙi ake gwadawa, kuma a fito hasken rana a duba, don fitilar shago maƙaryaciya ce. Da ta tsaya a nan, da ba a samu abin faɗa ba.

Ƙawayen amarya huɗu suna tsaye a jikin bango, an riga an gama musu. Su hoda mai arha aka shafa musu, mai murfi ruwan ƙasa, wadda kowace 'yar makaranta ke sakawa a jaka. Babbarsu, Clara, ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗan asibiti.

"Anti, mu kin ba mu ta talakawa, kin ajiye wa amarya ta masu kuɗi," in ji Clara.

"Ki kawo miji mana, in ba ki."

"Ina nema. Duk wanda ya zo sai ya ce in ara masa kuɗin mota."

Aka yi dariya. Tamar ma ta yi, Faustina ta ɗan buge ta a kafaɗa.

Ita ma Tamar mai murfi ruwan ƙasan ta zo nema ranar Talata. Tun tana sakandare fuskarta ke damun ta da mai, kafin azahar goshinta ya koma kamar an shafa masa man gyaɗa. Ta gwada iri-iri har ta faɗa kan wannan mai arhar, ta ga tana riƙe ta daga safe zuwa tashin makaranta, don ita malamar firamare ce.

"Anti, irin wadda na saba nake so," ta ce a ranar.

Faustina ta dube ta sama da ƙasa. "Ranar aurenki? Hodar 'yan aji uku? Mai hoto zai zo, dangin miji za su taso tun daga Kauru, ki fito musu da fuskar zuwa makaranta?"

"Ai tana yi mini kyau."

"Tana yi miki daidai dai. Akwai wata orijinal, ta waje, don fuska mai mai aka yi ta. Ba kowa nake nuna wa ba. Tana hanya daga Legas, Juma'a za ta iso. A rabin kuɗi zan ba ki, domin mamanki da marigayiya mamata a benci ɗaya suka zauna a coci."

Tamar ta ji kunyar cewa a'a. Ta mayar da mai arhar kan tebur.

To, babu abin da ke hanya daga Legas. Shekara uku ke nan Faustina tana sayen gwangwanayen hoda masu tsada da 'yan matan jami'a suka ƙarar, ta wanke su, ta goge madubin. Takan soya shinkafa a busasshen kasko har ta yi kalar fatar mutane, wata ta yi duhu, wata ta tsaya haske. Ta kai niƙa, ta tankaɗe da tsohon ɗankwali mai laushi, ta haɗa da ɓurɓushin hodar da ta farfashe a hanya, ta ɗiga turare, ta kwaɓa da sifirit, sannan ta danne a gwangwani da murfin kwalba da aka naɗe da ƙyalle, zanen ya fito kamar na kamfani. Garin shinkafa yana shan mai, don haka babu wadda ta taɓa dawowa da ƙorafi. Wannan ya sa take gaya wa kanta cewa ba ta cuci kowa ba. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai wannan haɗin fuskarta ba. Tata hodar ta gaskiya tana can ƙasan jaka, a cikin safa.

Ranar Laraba ta ɗauki soyayyar shinkafarta zuwa injin da ta saba, can wata unguwa inda ba a san ta ba, ta tarar ya lalace. Lokaci ya ƙure, ga matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sun ji labarin hodar amarya kowa na cewa a ajiye mata ɗaya. Dole ta gangara injin Baba Obadiah, kusa da layin dogo. Obadiah dattijon ikilisiyarsu ne, ya fi shekara ashirin a bakin inji, kuma yana da doka guda da duk unguwar ta sani. In ya niƙa kayan yaji, ba ya zuba abin da mutum zai ci sai ya wanke inji: ya bi da mudun dusa sau biyu, ya kwance baki, ya goge haƙoran da buroshi. Mai niƙa ya jira, ya kuma ƙara ɗan wani abu.

Ya buɗe bokitin Faustina ya tsaya.

"Madam, wannan shinkafa wuta ya ci shi haka? Na me ne?"

Mata uku 'yan cocinsu suna bayanta a layi, duk sun leƙo. Faustina ta rasa abincin da ake yi da ƙonanniyar shinkafa.

"Na kaji ne, Baba."

"To in na kaji ne ba sai na wanke ba. Yanzu na sauke niƙan Maman Tamar na biki, citta da barkono, rabin buhu. Kaji ma suna so, yana kore musu mura."

Ta ji shi sarai. Ta kuma san in ta ce a wanke, zai tambayi wane irin kaji ne waɗannan masu zaɓen abinci, matan nan su kwashi zancen su kai kasuwa. Ta ce a ranta ɗan abin da ya maƙale a inji nawa yake, ai ɗankwali zai tare.

"Zuba kawai, Baba."

Ya zuba. Abin da inji ya niƙa lilis kuwa, ƙyalle ba ya tare shi. Da take haɗawa da yamma ta yi atishawa ya fi sau goma, ta ce ƙurar gari ce. Hannunta a cikin leda yake don kada farcenta ya ɓaci. Wari kuma, a Kafanchan lokacin busasshiyar citta har rigar da ke cikin akwati warin citta take yi, ga turare da sifirit sun danne sauran. Ta cika gwangwani goma sha biyu. Ranar Juma'a ta sayar da goma sha ɗaya, kowace mai saye ta ɓoye tata sai ranar biki.

Na goma sha biyun shi ne a hannunta yanzu, a ɗakin uwar amarya.

"Anti, kamar da ɗan ɗumi," in ji Tamar.

Hannun Faustina ya tsaya. Ta dubi fuskar da kyau. Lumui take, babu ƙyalli, kalar ta zauna da wuya kamar da ita aka haife ta.

"Aiki take yi. Man take sha," ta ce, ta ci gaba da dannawa.

Maman Tamar ta leƙo, hannunta duk albasa. Gajeriyar mace ce mai ƙarfi, manomiyar citta, ita ce kuma shugabar zumuntar mata. Ta tsaya tana kallon 'yarta har idonta ya kawo ruwa.

"Kai, Faustina, Allah ya ba ki hannu."

"Zo in taɓa miki kaɗan, Mama."

"Ni? Fuska na na gona ne. Bar shi yadda Ubangiji ya yi."

Ƙarfe goma suka isa majami'a. Amarya a mota, Faustina a keke napep da jakarta a cinya. A bakin ƙofa, kafin a sauke mayafi, ta ga zufa ta fara karyo wa Tamar a saman leɓe, kuma yarinyar na ta ƙyafta ido.

"Anti, yana ci na."

"Tsoro ne. Kowace amarya haka take." Ta danne da tishu, ta ƙara hoda a goshi da hanci da ƙarƙashin ido, ta ja mayafin ta rufe.

Babu wuta, janareta kuma bai iya jan fanka ba sai lasifika da kayan kiɗa. Mutane sun cika maƙil har a tagogi. Faustina ta zauna a layi na uku inda take hango bayan amarya. Mawaƙa suka yi waƙa uku, matan zumunta suka yi biyu da tukwanensu na kiɗa, fasto ya hau wa'azi a kan gidan da aka gina bisa gaskiya, ya daɗe.

Tun a tsakiyar wa'azin Faustina ta daina ji. Kafaɗun Tamar take kallo, suna ɗagawa suna sauka. Yarinyar ta cusa hannu ƙarƙashin mayafi, ta fitar, ta sake cusawa. Clara ta sunkuya ta yi mata magana, Tamar ta girgiza kai. Sai Faustina ta waiwaya wajen matan zumunta. Wata tana fifita fuskarta da takardar tsarin sujada kamar mai hura gawayi. Wata ta cire gilashi tana murza ido. Ta uku ta tashi ta fita da sauri, jaka a hamata. Faustina ta san su duka, ta san kalar da ta ba kowacce. Ta ji muryar Obadiah kamar yanzu yake faɗa, rabin buhu.

Ta iya tashi a lokacin. Taku goma ne tsakaninta da Clara, kalma ɗaya ta isa a fitar da yarinyar a wanke mata fuska. Ta zauna, tana roƙon Allah fasto ya gajarta.

Aka kira ango da amarya gaba. Wilfred, angon, dogon saurayi ne mai aikin gona a Kauru, sai murmushi yake. Fasto ya ji shessheƙa a ƙarƙashin mayafi, ya juyo ga jama'a.

"Kun ji ko? Kukan barin gida ne. Wilfred, ka ji nauyin da ka ɗauka. Buɗe ka tabbatar ita ce, kada gobe ka zo ka ce mun canza maka."

Aka yi dariya. Wilfred ya kama bakin mayafin ya ɗaga.

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Mai kiɗa ya ɗauke hannu. Wilfred ya tsaya da mayafin a sama, bai sake ba, bai kuma ƙarasa ba.

Idanun Tamar sun kumbura sun kusa rufewa, jajaye kamar garwashi. Hawaye ya yanka hanya biyu a cikin hodar, fatar da ta bayyana a ƙasa ta yi jawur ta tashi rudu-rudu. Leɓenta na sama ya ninka. Tun daga ƙofar coci take cikin wannan, awa ɗaya da rabi, ta cije don kada ta ɓata ranar.

"Ba na gani," ta ce a hankali. Lasifikar fasto ta kai maganar har waje.

Clara ce ta fara motsi. Ta rungumo amaryar, ita da Maman Tamar suka ja ta zuwa ɗan ɗakin da ke bayan bagade, teburin gaban coci, inda ake sa hannu a takardar aure. Fasto ya ce mawaƙa su ba da waƙa. Suka fara, babu wanda ya amsa. Wata mata ta taɓo Faustina. "Ke kika yi mata kwalliya, je ki taimaka mana." Ba ta da yadda za ta yi, ta tashi ta bi su.

A ɗakin, Clara na fasa ledar ruwa tana kwarara wa Tamar a fuska, zafin kuwa sai ƙaruwa yake. Wilfred yana riƙe da hannayenta don kada ta yaƙushi kanta.

"Me aka sa mata?" in ji Clara. "Anti, kawo gwangwanin in karanta."

Faustina ta miƙa, don ƙin miƙawa ya fi muni. "Orijinal ce. Ku tambaye ta man da ta shafa jiya. Wani man ba ya shiri da hoda. Ko kuma," ta rage murya, "ba kowa ke murna da auren nan ba."

Maman Tamar ta dafe ƙirji. "Yesu. Wa na yi wa laifi?"

"Mama, bar zancen nan," in ji Clara. "Mai ɗaya muka shafa da ita jiya, a ɗaki ɗaya muka kwana. Mu huɗu aka sa mana mai arha, ga fuskokinmu nan lafiya."

Ana cikin haka Baba Obadiah ya shigo, don shi ke riƙe da makullin akwatin da littafin aure yake ciki. Gwangwanin yana buɗe a kan tebur. Ya wuce ta gefensa, ya tsaya, ya ja hanci. Ya ɗauka ya shinshina. Sai ya dangwala ɗan yatsa ya kai kan harshe, ya rufe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Shinkafa," ya ce. "Soyayye." Ya sake motsa baki. "Citta. Barkono, ɗan ƙanana ɗin nan mai zafi." Ya buɗe ido. "Maman Tamar, wannan barkonon ki ne. Ni na niƙa shi ranar Laraba."

"Barkono na? Ta ina ya shiga hoda daga Legas?"

Obadiah ya juya a hankali, ya dubi Faustina, ya daɗe yana dubanta.

"Madam," ya ce, "yaya kajin?"

Babu wanda ya gane sai ita. Clara ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Wane kaji?" in ji Maman Tamar. "Faustina ba ta da kaji. A bene take haya."

Nan Obadiah ya faɗi abin da ya faru a bakin inji, bai ƙara ba bai rage ba. "Da ta ce mini na jikin mutum ne, ko ba ta biya ba zan wanke. Shekara ashirin da biyar ban taɓa ba mutum yaji a garinsa ba. Yau ga shi a idon yarinyar da na riƙe ranar baftisma."

Maman Tamar ba ta yi ihu ba. Ta leƙa ƙofa ta ce wa wata mata, "Gudu wajen masu girki ki kawo manja." Duk macen da ta taɓa yini tana gyaran barkono ta san ruwa ba ya kashe zafinsa, mai ke ɗauke shi. Aka kawo a kofi. Ita da kanta ta shafe wa 'yarta fuska, ta goge da gefen zaninta, ta sake shafawa, Clara ta bi da sabulu tana ta ɗauraye idon da ruwa. Manjan ya gangara ta wuya ya sauka a ƙirjin farar rigar, ja ɗigo-ɗigo, babu wanda ya kula. A hankali numfashin Tamar ya daidaita. Ta buɗe ido ɗaya.

"Ina gani," ta ce. "Kaɗan."

Sai a lokacin uwar ta miƙe, ta goge hannu. Ta ɗauki soson, ta dangwala shi a gwangwanin har ya cika, ta miƙa wa Faustina.

"Kin ce orijinal ne."

"Mama, bari in yi miki bayani. Tsohon nan ba ya gani sosai, wataƙila wata ce ya..."

"Ban ce komai ba. Kin ce orijinal ne. Zufa na fuskarki. Shafa."

Faustina ta karɓa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, kawuna sun cika ta. Ta ɗaga soson har ya kai kusa da kumatunta, ta ji ƙamshin turaren da ita ta ɗiga da hannunta, a ƙarƙashinsa kuma, yanzu da ta san abin da take nema, ta ji yajin ya soki hancinta. Ta dubi idon Tamar. Hannun ya tsaya a nan. Sai ya sauka da kansa.

"Na gode," in ji Maman Tamar. "Na ji amsa."

Matar nan da ta fita daga coci da jaka a hamata ita ce ta fara ratsowa ta cikin mutane, fuskarta a jiƙe, idonta ja. Ta buɗe jaka, ta fitar da gwangwani mai ruwan zinariya, ta ajiye a kan tebur kusa da na amarya. Wata ta biyo ta. Sai ma'ajin zumunta, sai matar fasto, sai ƙanwar ango da ta sauka daga Kauru ranar Juma'a ta biya kasuwa kafin ta isa masauki. Kowacce ta ajiye ta koma, ba a jin komai sai ƙarar gwangwani a kan katako. Obadiah ya matsar da littafin aure gefe don wuri ya ishe su. Goma sha biyu suka jeru.

Matar fasto ce kaɗai ta yi magana. "Shekara uku ina sayen wannan a wurinki. Duk shinkafa ce?"

Faustina ta sunkuyar da kai.

"Na ba surukata ɗaya a Kirsimeti," in ji matar, kamar da kanta take magana.

Fasto ya shigo ya tambayi ango ko a ɗaga auren zuwa wani mako. Wilfred ya dubi Tamar.

"A'a," ta ce. "An yanka aladu biyu, mutane sun taso daga nesa. Kama ni mu je." Clara ta fito da hodarta mai murfi ruwan ƙasa, ta yi jim, ta mayar jaka, don fatar ba ta son a taɓa ta da komai. Tamar ta hango murfin da ido ɗaya, ta juyo wajen Faustina.

"Anti, ita na zo saya," ta ce.

Haka ta koma gaban bagade, babu mayafi, fuska a kumbure tana ƙyallin manja, ƙirjin riga ja. Ta ɗauki alkawarinta da murya a shaƙe, kowa ya ji. Mai hoto ya rasa yadda zai yi, ya yi ta ɗaukar hannuwa da zobe da bayan kai. Faustina ta fita ta ƙofar baya ba ta tsaya ɗaukar jakarta ba, ta taka da ƙafa cikin rana har layin dogo kafin ta tuna akwai abin hawa a garin.

Fuskar Tamar ta saɓe a kwana tara, ta warke. Hoton aurenta dai babu ko ɗaya da aka rataya a bango.

Ga abin da Faustina ta rasa. Amare uku da suka riga suka kama ta don bikinsu na watan Mayu, duk sun aiko a ranar Lahadi cewa sun samu wata. Mazauninta a zumuntar mata, inda uwarta ta zauna, an ba wata, ita kuma dattawa suka mayar da ita bencin baya wata shida. 'Yan jami'a sun daina kawo mata gwangwani, buhu guda da ta tara ta zuba a rami da hannunta. Matan da ke zuwa ta duba musu kala a muƙamuƙi sun koma teburin da ke kallon nata, wajen wata da ba ta san bambancin fuska mai mai da busasshiya ba. Katan huɗu na hoda mai murfi ruwan ƙasa, ta gaskiya, wadda babu abin da ya same ta, sun zauna a ƙarƙashin teburinta har damina ta wuce ba a ɗauki ɗaya ba, domin babu mai yarda da abin da ke cikin murfin da hannunta ya taɓa. Kafin Kirsimeti ta saki teburin da aka san gidansu da shi shekara arba'in da ɗaya, mai sayar da takalman roba ya shiga.

Sunanta ma bai tsira ba. Har yanzu in ta ratsa kasuwa da kwandon cefane, sai wata ta ɗago daga kan tumatur, ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta gida da yara, sannan ta ce, "Madam, yaya kajin?"